Pirizin ɗakin dahuwa ya mutu: mi mai gida zai yi?

Yau zancen wutar lantarki za mu yi, wadda muke ce ma kuran, kuma kan piriz za mu tsaya, wanga ɗan rami mai ido biyu da ake soka kan waya ciki, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma soket. Ni ba mai gyaran wuta ba ne, malamin yaƙi da jahilci ne nan Kornaka. Abin da ya sa ni wanga rubutu, gidana abin ya hwaru.

Bara da damana, cikin watan Agusta, anka kwana ana ruwa. Da asuba mai ɗakina ta tashe ni, ta ce: "Malam, firigo ya yi shiru, ƙanƙara ta hwara narkewa." Sana'arta ke nan, ƙanƙara da zoɓo da lamurje cikin leda, kuma jarinta duka cikin firigon nan ya kwana. Na duba, hitilun ɗakuna suna ci, rediyo na magana. Pirizin ɗakin dahuwa da na rumhwa kaɗai sunka mutu. Na tahi wurin akwatin da ke kusa da kontar, na iske hannun wani disjonktar ya hwaɗi ƙasa. Na ɗaga shi, ya koma. Na sake ɗagawa, ya koma. Har sau 3.

Wani yaron unguwa mai gyaran tocila da rediyo ya shigo, ya duba, ya ce: "Mushe, wanga abu tsoro ya yi mishi yawa. A hidda shi a ɗaure wayoyin kai tsaye, minti 5 firigo ya tashi." Gaskiya saura kaɗan in yarda, don ina jin ɗigar ruwan ƙanƙara bisa ƙasa, kuma na san kuɗi ne ke ɗiga. Sai mai ɗakina ta ce: "Malam, ai tun shekaranjiya in na kama ƙohwar firigon ba takalmi, sai in ji shina tsikarata." Na ce mata: "Domi ba ki hwaɗi ba?" Ta ce ita ta ɗauka haka firigo shike in ya tsuhwa.

Wagga magana ta sa na hana yaron taɓa komi. Na aika kiran wani dattijo da ya koyi aikin wuta Maradi. Abin da ya koya mini ran nan, da abin da na ƙara bincikawa daga baya, shi na kawo muku.

Wuta na tahiya tana komowa

Kowane piriz, waya biyu ke kawo mishi aiki. Guda ita ke ɗauke da wuta, masu gyara na ce mata faz, galibi ja ce ko baƙa ko ruwan ƙasa. Ta biyu ita ce hanyar komowa, ana ce mata notir, shuɗiya ce. Wuta na hita ta faz, ta shiga firigo ta yi aikinta, ta koma ta notir. Akwai waya ta ukku mai launi biyu, tsanwa da rawaya: ita ce wayar ƙasa. Ba ta aikin komi sai ran da abu ya ɓaci.

Ƙarhin wutar gidajen Nijar bolt 220 ne. Yawan wadda ke gudu cikin waya kuwa, da amper ake auna ta. Amper guda miliamper 1000 ne, kamar yadda jikka guda take tamma 1000. Ku riƙe wanga lissahi na kuɗi, shi zai sa ku gane sauran.

Butar tahwasa ruwa mai wat 2000 tana shan kimanin amper 9, wato jikka 9. Ɗan ampul mai wat 9 shina shan kimanin miliamper 40, dala 8 ke nan. To jikin ɗan Adam hwa? Miliamper 1 in ta bi jikinka, za ka ji tsikara. Wajen miliamper 10, hannu shi damƙe, ba ka iya sakin abin da ka kama. Daga 30 zuwa sama numhwashi shi hwara tsayawa, in ta ƙaru ta daɗe zuciya ta rikice. Ashe wutar da ke kunna ampul guda ta isa ta yi gawa. Kuma mace mai jiƙaƙƙen hannu, tsaye ba takalmi bisa jiƙaƙƙar ƙasa, abin da zai bi jikinta daga bolt 220 shina iya wuce miliamper 100. Shi ya sa ɗakin dahuwa da makewayi sunka hi ko'ina hatsari cikin gida.

Masu tsaron gida ba iri guda ba ne

Nan ne da yawa cikinmu ke ruɗewa. Muna ganin disjonktar bisa bango, mu ce ai gida na da kariya. Disjonktar wanda anka rubuta ma 10 A ko 16 A ko 20 A, da fizibil irin na da, waya suke tsaro kada ta yi zahi ta tada gobara. Mai 16 A ba shi motsi sai wuta ta wuce jikka 16. Mutum kuwa dala 10 ta ishe shi. Sai mutum shi mutu disjonktar na tsaye abinshi, kuma ba laihinshi ba ne, ba aikinshi ba ne.

Mai tsaron mutum shi ne wanda ake ce ma difaransiyel. Aikinshi kamar na makiyayin gari ne: da sahe shi ƙidaya awakin da sunka hita, da marece shi ƙidaya waɗanda sunka komo. In ƙidaya biyu ba ta zo daidai ba, ya san wasu sun bi wata hanya. Haka difaransiyel ke auna wutar da ta hita ta faz da wadda ta komo ta notir. In akwai giɓi, wuta ta zurare wani wuri ke nan, ko ta jikin bango, ko ta jikin firigo, ko ta jikin mutum. Sai shi yanke, bai kai rabin sakan ba.

Ana gane shi da ɗan maɓalli mai harahin T, da lambar da ke jikinshi. Ku da kunka koyi ƙidaya, ga ranar karatunku: ku haska tocila ku duba. In kun ga 30 mA, ko 0,03 A, shi ne mai tsaron rai, dala 6 kaɗai in ta ɓace zai yanke. In 500 mA kunka gani, kamar yadda ake samu jikin babban disjonktar na kusa da kontar, wanga sai dala 100 ta ɓace shike motsi. Shina taimako wajen hana gobara, amma bai isa shi ceci wanda ya kama waya ba.

Wagga dabara Afirka ta Kudu na cikin wuraren da anka hwara aiki da ita. Cikin shekarun 1950 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera irinta saboda ma'aikatan ramukan zinariya, daga nan anka kai ta gidajensu. Faransa, wadda ƙa'idarta masu gyaran wutarmu ke koyo, tun 2002 ta ce kowane layi na sabon gida sai shi bi ta difaransiyel mai 30 mA. Mu nan, sau da yawa shi ne abu na hwarko da mai gida ke sokewa in an kawo mishi lissahin kayan wuta.

Abin da za ka iya da kanka

Akwai bincike wanda ba shi bukatar tarnabis, kuma kowane mai gida ko uwargida na iya yin shi. Sa takalmin roba, hannu busasshe. Hwara da abu mai sauƙi: ɗauko cajar waya ko hitilar da ka san tana aiki, soka cikin pirizin. Wani lokaci piriz lahiyarshi lau, kayan ne sunka mutu, ko ralonjin da ke tsakani. Duba ko sauran gida na da wuta, ko maƙwabta na da ita, in kontarka mai sayen kati ce duba ko kuɗi sun ƙare. Kada ku yi dariya, an sha kiran mai gyara kan wanga.

In difaransiyel ne ya hwaɗi, kada ka tsaya ɗaga shi sau 3 kamar ni. Cire kan wayar kowane kaya daga pirizai, duka, har caja. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba, sai an zare. Sa'an nan ɗaga hannun. Wasu irin sai ka danna shi ƙasa ƙwarai kamin shi yarda shi tsaya sama. In ya tsaya, ka riƙa maida kaya guda guda. Wanda ka soka wuta ta yanke, shi ne mai yoyo. Waɗanda sunka hi yin haka su ne tsohon firigo, dutsen guga, buta, da ƙarhen zahwahwa ruwa da ake tsomawa cikin bokiti. In kuwa ka zare komi amma ya ƙi tsayawa, ciwon cikin wayoyin bango shike. Nan aikinka ya ƙare, sai mai gyara.

Haka dattijon ya yi gidana. Da ya zare firigo, difaransiyel ya tsaya daram. Munka ja firigon daga bango. Kusu ya ci robar wayar ta baya, jan ƙarhe na waje shina gogar jikin firigon. Kwanakin baya yoyon kaɗan ne, shi ne tsikarar da mai ɗakina ke ji. Daren nan ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙohwa ya jiƙa daɓe, wuta ta samu hanya mai hwaɗi zuwa ƙasa, makiyayi ya ga giɓi ya yanke. Dattijon ya dube ni ya ce: "Mushe, da an ɗaure wayar nan kai tsaye, firigo zai tashi. Amma wa zai hwara buɗe shi da sahe?" Ɗiyarmu mai shekara 9 ita ke ɗauko ƙanƙara ta kai ma masu saye bakin ƙohwa. Ban ce komi ba.

Piriz ya mutu, ba abin da ya hwaɗi

Wanga shi ne ciwo na biyu, kuma ya hi na hwarko yaudara. Masu ja mana waya galibi ba su kai ma kowane piriz layinshi. Waya na shiga na hwarko, daga bayanshi ta wuce na biyu, daga nan na ukku, kamar raƙuman ayari. In kusa guda ta saki cikin na hwarko, duk na bayanshi sun mutu. Don haka wanda ya mutu ɗakin dahuwa, ciwonshi na iya zama cikin pirizin ɗakin kwana wanda ke aiki lahiya. Mai gyara na gari shina hwarawa daga na ƙarshen masu rai da na hwarkon matattu.

Mi ke sa kusa ta saki? Zahi. Piriz guda, a sa mishi ralonji mai baki 5, a soka firigo da buta da dutsen guga. Waya ta yi zahi ta huce, ta yi zahi ta huce, har kusa ta yi sako-sako, wurin shi riƙa tartsatsi. Alamunshi ba su ɓuya: baƙi-baƙi bakin ramin, warin roba, ƙara kamar ta ƙuda, kan waya da zahi in ka zare. Layin piriz waya mai lamba 2,5 shike so. Mai lamba 1,5 ta hitilu ce. Kuma akwai waya mai araha cikin kasuwa wadda robarta kauri, ƙarhen ciki kamar gashi. A sa mai saidawa shi yanka bakinta a gani kamin a biya. Sauran ɓarna, ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, gara cikin bangon laka, tururuwa da kyankyaso da ke gida cikin akwatin piriz, da bakin kwano da ke yanka wayar da anka ratsa ƙarƙashin ruhi.

Ga abin da nike so kowa shi riƙe. Piriz da ba shi aiki, ba lalle ne ba shi da wuta ba. In notir ce ta tsinke, faz na nan da ranta, bolt 220 cikakku, hanyar komowa ce kaɗai babu. Firigo zai yi shiru, hitila ba za ta ci ba, amma wanda ya buɗe ya sa yatsa, shi ne zai zama hanyar komowa. Tarnabis mai ido ja, wanda ake ce ma testar, wani lokaci a nan sai shi kama cikin ramu biyu duka. In kun ga haka, alamar notir ce ta tsinke. Kuma idonshi ba shi ganuwa da kyau cikin rana, bai kamata a jingina rai gare shi ba. Duk wanda zai buɗe piriz, shi kashe babban disjonktar tukuna, shi gaya ma mutanen gida kada wani shi ɗaga. Kontar da abin da ke gabanta mai hatimi, na NIGELEC ne, su ake kira.

Turken ƙasa da rairayinmu

Saura tambaya guda da na yi ma dattijon: domi firigo ke tsikara tun shekaranjiya, alhali gidan na da wayar ƙasa? Ya ce in kai shi inda ta shiga ƙasa. Munka tona bayan ɗaki. Wayar tsanwa da rawaya na nan, amma tsatsa ta cinye maɗaurin, ta rabu da turken ƙarhen tun ba a san yaushe ba. Turken kuma bai kai kamu biyu ba.

Aikin wayar ƙasa shi ne ta haɗa jikin firigo da ƙasa, don in wuta ta zurare ta samu hanyar da ta hi jikin mutum sauƙi, difaransiyel kuma shi gani tun kowa bai taɓa ba. Sai dai ƙasa ba duka ɗaya ba ce. Laka mai danshi ta hwadama tana karɓar wuta. Busasshen rairayi ba shi karɓa. Mu kuwa ƙasar Kornaka jigawa ce, in ba wajen Gulbin Kaba ba, ruwa na nesa, kuma wata 8 ko 9 ba a ruwan sama. Turken da ke aiki cikin Agusta, cikin Afirilu shina iya zama kamar an kahwa shi cikin buhun gero.

Masu gyara na da na'urar awon wanga, da om suke ƙidaya shi. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Gidan da ya dogara ga mai 500 mA kaɗai, ƙa'ida ta ce kada turkenshi shi wuce om 100, kuma samun haka cikin rairayi da rani aiki ne. Mai 30 mA kuwa, ko turke ya kai om 1000 shina gani shi yanke. A ganina nan ne maganar take: ƙasa irin tamu ta hi ƙasar laka bukatar difaransiyel, don turkenmu shi kaɗai ba abin dogara ba ne. Amma kada a ce tunda akwai shi a bar turke. Su biyu tare suke aiki. Kuma shi ma akwai inda ƙidayarshi ba ta gani: wanda ya kama faz da notir tare, hannu da hannu, wuta ta hita ta komo daidai, ba giɓi.

Turke shi zama na jan ƙarhe ko ƙarhen da ba shi tsatsa da wuri, tsawon mitir 2, a kahwa shi inda ƙasa ke samun danshi kullum, kamar kusa da makwararar wurin wanka. In guda bai isa ba a ƙara na biyu nesa da shi kamar tsawonshi ko hiye, a haɗa su. A bar maɗaurin inda ido zai gan shi. Wasu na zuba gishiri cikin ramin. Shina taimako da hwarko, amma shina cin ƙarhe. Kada a ɗaura wayar ƙasa ga bututun pampo, yawancinsu yanzu roba ne. Kada kuma a yarda wani shi haɗa ta da notir bayan piriz don a ce an yi.

Gurup da pano

NIGELEC, wadda anka kahwa a 1968, ta daɗe tana sayen wuta daga Najeriya. Ta jihar Maradi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa. Da Najeriya ta yanke a watan Agusta 2023, har zuwa Maris 2024 da ta maido, mutane da yawa sunka koma ga gurup da pano mai hasken rana. Ƙauyukan da layi bai kai ba kuwa, da ma su ke nan. Kada a rena wutarsu. Batir bolt 12 ne, amma in ya bi ta akwatin da ke juya shi, bolt 220 ke hitowa, kuma tana kisa kamar ta kontar. Gidan da ke da hanya biyu, kashe babban disjonktar bai isa ba, sai an kashe ta biyu. Masu soka wayar gurup cikin piriz don ta ba gida duka, su daina: ƙahwahun kan wayar na waje da wuta, kuma tana iya komawa layi ta kama ma'aikacin da ke bisa gungume. Akwai maɓallin sauya layi, shi ake sawa. Difaransiyel kuma ba kowane gurup shike aiki da shi yadda ya kamata ba sai mai gyara ya daidaita ƙasarshi.

In wuta ta kama mutum

Kada ka kama shi, za ta haɗa da kai. Kashe disjonktar ko zare waya. In sun yi nisa, ture hannunshi da busasshen icce, taɓarya busassa ma ta yi, kana tsaye bisa wuri busasshe. In ba shi numhwashi, kwantar da shi rigingine, ka riƙa danna tsakiyar ƙirjinshi da ƙarhi, sau 100 zuwa 120 cikin minti, wani shi nemo mota. Kada a ɗura ma wanda ya suma nono ko ruwa, shaƙe shi za su yi. Ko ya tashi ya ce lahiya lau, a kai shi gidan likita a duba zuciyarshi da ƙunar, don ƙunar wuta ciki take ci.

Gidana dai ƙanƙarar ranar ta tahi, zoɓo yaran unguwa sunka sha shi da ɗumi. Dattijon ya sake ma firigo waya, ya kahwa sabon turke kusa da wurin wanka, ya ja ma firigon layinshi daban da difaransiyel nashi, don kada buta ta yi laihi ƙanƙara ta biya. Munka ɗora shi bisa katako, munka toshe ramin kusu da siminti. Ya ce kowane wata in danna maɓallin T: in wuta ta yanke nan take, shina lahiya, in ɗaga hannun, in ba ta yanke ba, a sake shi. Na rubuta da alli jikin bango kusa da akwatin, ran 1 ga wata. Watan jiya na manta, ɗiyar nan ce ta karanta ta tuna mini.